IDAN ƊANKA YA CE ZAI DAINA SHA



A Jibiya ba za ka ga mai ɗaga kwalba a bainar jama'a ba, to amma kar mu yaudari kanmu. Yaron da ke bin mota daga Magama zuwa Ɗan Isa da Maraɗi yana kwana inda ba wanda ya san mahaifinsa. Kuma ba a ce masa "zo ka sha giya". Ce masa ake: "Kai har yanzu yaro ne," ko "ɗan kurɓa mana, maganin basir ne." Da yawa daga waɗannan ƙananan kwalabe da 'yan ledoji masu ɗaci barasa ce zalla, duba jikinsu za ka ga an rubuta. A Sahihu Muslim, sahabi Ɗariƙ bin Suwaid ya ce don magani yake haɗa ta, Annabi (SAW) ya nuna masa cuta ce, ba magani ba.

Ni a ganina, abin da ke mayar da mai tuba ruwa ba ƙishin abin ba ne kaɗai, majalisa ce. Ya bar abokan sha, ya dawo gida, ka tarbe shi da gori, ƙannensa na kiransa mashayi. To ina zai zauna bayan Isha'i? Can zai koma, inda ake masa dariya amma ana matsa masa wuri a benci. Wani da aka sha kawowa gaban Annabi (SAW) kan shan giya, da wani ya tsine masa, Annabi hana shi ya yi. Wannan yana cikin Bukhari. Kai fa, maigida? Ja shi masallaci, ku ci tuwon dare tare, ka canja masa uban gida in motar ce matsalar.

Sai gargaɗi, don Allah a kula. Wanda ya daɗe yana sha kullum, kar a kulle shi a ɗaki a ce ya daina rana ɗaya. Cikin kwana 2 zuwa 3 zai iya fara karkarwa, gumi, gane-gane, har jijjiga kamar mai farfaɗiya, kuma tana kisa. Ba aljanu ba ne. Zuma da habbatus sauda ba sa tsayar da wannan. A kai shi Babban Asibitin Jibiya ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, a faɗa wa likita gaskiyar abin da yake sha da yawansa, har da Tramadol ko kodin in yana haɗawa.