"Boxing Day": Hutun Barorin Bature Ne, Ba Ranar Dambe Ba

Kowace shekara, ranar 26 ga Disamba, gwamnatin tarayya kan ba da hutu, a kulle ma'aikatu da bankuna, wai ana "Boxing Day". Da za a tare ma'aikatan da suka kwana gida ranar a tambaye su ma'anar sunan, da yawa za su ce ranar dambe ce, tunda abin da aka koya masu a makarantar boko ke nan. To, ba dambe a ciki ko na sisin kwabo. Kalma ɗaya ce Turawa suke kiran akwati da ita, suke kuma kiran naushi da ita, kuma akwatin ake nufi a nan.

Asalin abin a Ingila yake. Ranar Kirsimeti barori ba su da hutu, suna tsaye kan iyayen gijinsu, suna dafawa suna kai masu. Sai washegari ake sallamarsu su je ganin iyalansu, a haɗa masu ɗan akwati na kuɗi da kyauta, wani lokaci har da ragowar abincin jiya. Wasu masana kuma suna danganta sunan da akwatunan sadaka na coci da ake buɗewa a raba wa matalauta a ranar. A 1871 majalisar Ingila ta yi doka ta sa ranar cikin ranakun hutun bankuna. Daga nan ta bi tutar Ingila zuwa ƙasashen da ta mallaka.

A nan ne abin takaicin yake. Turawan da suka ci Kano da Sakkwato a 1903, suka shahadantar da Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi, sun naɗe tutarsu a 1960, amma sun bar kalandarsu da waɗanda za su yi gadinta. Amurka, wadda Turanci ne harshenta, ba ta sa wannan rana cikin hutun gwamnatin tarayyarta ba. Amma Nijeriya ta riƙe ta gam, alhali 1 ga Muharram, farkon shekarar Hijira, sai jihohi irin su Kano da Jigawa ne ke ba da hutunta. Gwamnatin tarayya ta toshe kunne.

Ba wanda ke jayayya da Kirista a kan bikinsa. Addininsa ne, hakkinsa ne. Rigimar da mahukunta ce, waɗanda suke auna ranar barorin Bature ta fi ranar miliyoyin Musulmi nauyi.

Sannan a dubi bambancin tarbiyya. Can sai mai gida ya ci ya ƙoshi, kashegari a tuna da bara. Musulunci kuwa ya wajabta zakkar fid-da-kai, mudu huɗu na Annabi (S) a kan kowane mutum, a fitar kafin a tafi Idi, don talaka ya ci tare da kowa a ranar. Hakkinsa ne, ba alfarma ake yi masa ba.

Al'ummar da ke hutu a ranar da ba ta san ma'anar sunanta ba, yayin da yaranta ba su iya jera watannin Musulunci daga Muharram zuwa Zulhajji ba, da sauran aiki a gabanta. Gyaran daga gida da Islamiyya zai fara. Allah Ya farkar da al'ummar Musulmi, amin.