Waiwaye: "Na Ƙoshi" da Ta Kwanar da Ni da Yunwa a Ayowa

Ƙuli-ƙulin da Inna ta cusa min a ƙasan jaka shi ya riƙe ni kwana uku a Amurka, a gidan da firjinsa ya fi ni tsawo, kuma cike yake taf. Ba wanda ya hana ni ci. Bakina ne ya ja min.

A watan Agustan 2009 ne, ina ɗan shekara 16, na gama aji biyu na babbar sakandare a Zariya. Na dace da shiga shirin musayar ɗalibai na YES, wanda majalisar dokokin Amurka ta kafa a 2002, bayan harin 11 ga Satumban 2001, da ƙoƙarin sanatoci biyu, Ted Kennedy da Richard Lugar. A lokacin ana kwaso yara daga ƙasashe masu yawan Musulmi, a rarraba su gidajen Amurkawa, su yi shekarar karatu guda. Masu masaukin ba a biyan su ko sisi. Da mahaifina ya ji wannan, ya daɗe yana jinjina kai, sannan ya ce wanda zai ciyar da ɗan wani wata goma kyauta, ko dai mutumin kirki ne na gaske, ko kuwa da walakin.

Bayan 'yan kwanaki ana mana bita a Washinton, aka saka ni a jirgi zuwa Des Moines, babban birnin jihar Ayowa. Wasu dattawa, miji da mata, suna tsaye da kwali mai ɗauke da sunana. Ina shirin rusunawa in gaishe su, sai matar ta rungume ni. Na sandare kamar an dasa ni. Suka faɗi sunayensu, suka ce haka zan riƙa kiran su, gatsal. Ni da ko sunan yayan mahaifina bai taɓa fita daga bakina ba! Nan take na raɗa musu Mama da Baba, kuma har yau haka nake kiran su.

Tafiyar awa biyu muka yi a mota, masara hagu da dama har iyakar ganin ido, babu ɗan'adam ko ɗaya a gona. Ayowa ce kan gaba a noman masara a Amurka. Ita ce kuma kan gaba a kiwon alade, har aladunta sun ninka mutanenta wajen sau bakwai. Wannan lissafi na biyu shi ya fi tsaya min a rai lokacin da na taka ƙofar gidan.

Ƙarfe shida, rana na sama kamar la'asar ba ta yi sanyi ba, Mama ta jera abincin dare a tebur: gasasshiyar kaza, dankali, dafaffiyar masara da man shanu. Ƙamshi ya cika gidan, cikina na kiran ciroma. Ta ce in zo mu ci. Na sunkuyar da kai na faɗi abin da duk ɗan da ya samu tarbiyya zai faɗa: na gode, na ƙoshi.

A wurinmu ai wannan buɗe zance ne kawai. Mai gida zai ce haba dai, kai kuma ka ce wallahi alhamdulillahi, ya ce ko loma ɗaya, ka ce to albarkacinka. Sannan a kai maka kwano ɗaki, a saki labule, ka ci abinka ba idon kowa a kanka. Na zauna ina jiran tayi na biyu. Mama ta ce, "Ayya, gajiyar hanya ce." Ta rufe kazar, ta saka a firji, ta nuna min shi ta ce, "Nan gidanku ne. Duk lokacin da ka ji yunwa, ka buɗe ka ɗauki abin da kake so."

Buɗe firjin mutane? Wanda ya tashi a gidan da ake yi wa yaro faɗa don ya leƙa tukunyar maƙwabta ya san nauyin wannan magana. Daren nan na kulle ɗaki na ciro ƙuli-ƙuli, ina jiƙa shi a baki kafin in tauna don kada a ji ƙara. Mutanen gidan ba su ji ba. Karen gidan ya ji, ya zo ya kwanta a bakin ƙofa yana shinshina har na yi barci.

Washegari haka, jibi ma haka, sai ɗan burodi da na yarda na karɓa da safe. In suna min magana ina kallon ƙasa, don girmamawa. In na idar da salla in zauna a ɗaki, don kada in takura musu. Buta kuwa ba a san ta ba a gidan. Robar ruwa nake ɓoyewa a banɗaki, kullum Mama ta tsince ta ta jefa a kwandon shara, kullum in nemo wata. Ni a ganina ina nuna musu cewa daga gidan mutunci na fito.

Rana ta huɗu jami'ar da ke kula da ɗaliban yankin ta zo, ashe Mama ce ta kira ta. Muka zauna mu huɗu a tebur. A nan na ji yadda tarbiyyata ta isa kunnensu. Yaro ba ya ci, ba ya kallon idon kowa, kullum ƙofa a rufe: me muka yi masa? Mama ta ce tun wata guda kafin zuwana ta kwashe duk naman alade daga gidan ta rabar, ta sayi sababbin tukwane da kasko, ta bi kayan gwangwani ɗaya bayan ɗaya tana karanta abin da aka haɗa su da shi. Da na ce na ƙoshi a daren farko, sai ta ɗauka ƙyamar girkinta nake. Tana faɗa muryarta na rawa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da Turancina na makaranta na lallaɓa na yi bayani, cewa a garinmu sai an yi wa baƙo tayi sau uku. Baba ya yi dariya har da buga tebur, ya ce shi ya ɗauki nauyin tambaya sau uku daga yau. Mama ta ce a'a. Ta ce a gidan nan in mutum ya ce a'a, yarda da shi ake yi, domin matsa masa kamar ce masa ne bai san cikinsa ba.

Na daɗe ina juya wannan magana, kuma har yau ban ga laifin kara da kunyarmu ba. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, kara igiya ce mai baki biyu. Kana ja, wani yana ja, shi ya sa ba wanda ke faɗuwa. Ni na riƙe bakina ina ta ja, babu kowa a ɗaya bakin, na kuwa faɗi wanwar. Su ma nasu ladabin suke min, ina ganinsa kamar rowa. An ce baƙo ko da ido makaho ne, amma ba a cika faɗin cewa mai masauki ma lalube yake ba, kuma in baƙo ya kama bakinsa, sai mai gida ya cike gurbin da zato, zaton kuwa ba kasafai yake zama na alheri ba. A bita an gaya mana mu riƙa magana. Na rubuta a littafi. Yunwa ce ta karantar da ni.

Allah da ikonsa, gwaji na biyu bai yi nisa ba. A Amurka an ɗauki azumi ranar Asabar, 22 ga Agusta. Wannan karon ban jira a tambaye ni ba. Na zaunar da su na ce wata guda ba zan ci ba, ba zan sha ba daga asuba zuwa faɗuwar rana, kuma ba fushi ba ne. Rana a can ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe takwas a ƙarshen Agusta, azumi ya kai awa goma sha biyar. Ba tare da na roƙa ba, suka mayar da cin abincin dare daga shida zuwa takwas. Baba, da yake manomi ne mai sammako, shi ke ƙwanƙwasa min ƙofa da ƙarfe huɗu da rabi, ya soya min ƙwai, ya zauna da kofin gahawarsa yana tambayata yadda muke noman dawa. Shi ya taya ni gano alƙibla da na'urar nuna shiyya, muka tarar arewa maso gabas take. Kwana goma na yi ina fuskantar gabas tsantsa, don a Hausa gabas da alƙibla kusan abu ɗaya ne. Da na yi wa Mama bayanin robar banɗaki, washegari na tarar da 'yar butar ban-ruwan furanni, koriya, a ajiye a wurin.

A makon farko na azumin Sanata Kennedy ya rasu, ranar 25 ga wata. Muka kalli jana'izarsa a talabijin, Mama tana gaya min cewa shi ne silar zuwana gidansu. A makon ne kuma na ga sunana a takardar da ke manne a ƙofar firji: wanke-wanke Talata da Alhamis, fitar da shara Lahadi. Da farko raina ya sosu. Baƙo da wanke-wanke, kuma namiji? Sai na lura sunan Baba na sama da nawa, shi Litinin da Laraba. Daren nan, hannuna cikin kumfa, na buɗe firjin a karon farko ba tare da na waiga ba.

Sallah ta faɗo ranar Lahadi, 20 ga Satumba. Baba ya haƙura da coci, ya tuƙa ni har Cedar Rapids, garin da 'yan Siriya da Labanan suka gina ɗan masallacinsu tun 1934. Yana cikin mota da jaridarsa har aka shafa fatiha.

Da na dawo gida a watan Yunin 2010, aka kai ni gaisuwa gidan Gwaggo a Tudun Wada. Ta ce, "Ɗan Amurka, a zubo maka tuwo?" Na ce, "I, Gwaggo, a zubo, a sa miya da yawa." Ɗakin ya yi tsit. Ta dubi Inna, ta dube ni, ta kama haɓa ta ce, "Oh ni 'yasu! Sun cinye wa yaron nan kunya." Sannan ta miƙe ta ɗauko babban kwano.