A Daina Mayar da Wadanni Abin Dariya a Finafinai

Zuwa ga Edita,

Wannan wasiƙa tana jan hankali ne kan yadda finafinai ke nuna wadanni, wato mutanen da tsawonsu ya tsaya tun suna ƙanana alhali hankalinsu da shekarunsu na manya ne.

Tun da aka rufe gidajen silima a Zamfara bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a shekarar 2000, kallo ya koma cikin gida, daga baya kuma ya koma wayar hannu, ta yadda a yau matashi a Gusau ko Tsafe ko Bungudu zai tsaya rumfar mai cajin waya a tura masa finafinan camama, wato na barkwanci masu ƙaramin jari, ya tafi da su cikin aljihu. A irin waɗannan finafinai ba safai ake ba wada maganar da za ta ba da dariya ba, jikinsa ne ake yi wa dariyar, domin ko dai a ɗaga shi sama kamar jinjiri, ko a sa shi neman auren doguwar mace don kawai a ga bambancin tsayi. Yaran da suka kalli haka da dare, su ne da safe ke bin wada magidanci mai iyali da ihu a hanyar kasuwa.

Likitoci sun bayyana cewa nau'in wadancin da ya fi yawa, wanda suke kira akondoroflasiya, yana faruwa ne saboda sauyi a ƙwayar halittar da ke kula da girman ƙashi, kuma kusan takwas cikin goma na masu shi iyayensu masu tsayi ne kamar kowa, don haka babu gidan da ya fi ƙarfin a haifa masa wada.

Matsalar ba ta Kannywood, masana'antar finafinan Hausa, kaɗai ba ce. 'Yan wasa wadanni Chinedu Ikedieze da Osita Iheme sun yi suna da fim ɗin Aki na Ukwa a 2002, amma sun daɗe suna fitowa a matsayin yara masu ƙiriniya bayan sun zama manya. A Amurka kuwa, Peter Dinklage, ɗan wasa wada wanda ya ci kyautar Emmy sau huɗu saboda rawar da ya taka a Game of Thrones, ya soki kamfanin Disney a 2022 kan sake shirya fim ɗin Snow White mai wadanni a cikin labarinsa, sai kamfanin ya ƙera wadannin fim ɗin da kwamfuta, matakin da ya sa wasu 'yan wasa wadanni suka koka cewa an raba su da abincinsu.

Saboda haka hana su fitowa ba magani ba ne, kuma ba shi ake nema ba. Roƙon da ake yi ga marubuta da daraktoci, da Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, shi ne a ba wada matsayin malami ko alƙali ko uban gida, a bar shi ya faɗi maganar da za a saurara.

Wassalam.

Daga wani mai karatu,
Gusau, Jihar Zamfara