Kada A Ƙone Littafin Aku

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Bayan haka, ga magana zuwa ga malamai da fatake na Birnin Kebbi da Argungu.

Sau da yawa uba yakan tarar da ɗansa a rumfa, ko malami ya tarar da almajirinsa bayan an tashi karatun dare, ya duƙufa a kan littafin hikaya na jarumai da aljannu. Ya gama na ɗaya yana neman na biyu. Sai a fizge littafin a ce ƙarya ce, wani har ya jefa shi wuta. Wannan hukunci akwai gaggawa a cikinsa.

A dubi Magana Jari Ce, wanda Alhaji Abubakar Imam, haifaffen Kagara, ya wallafa littafi uku, aka buga a Zariya tsakanin 1937 da 1939. A na ɗaya, Sarki Abdurrahman ya fita yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida, mugun Waziri kuwa yana neman halaka yaron. Kullum dare Musa ya yi shirin bin mayaƙa, sai aku ya tsare shi da labari har gari ya waye, ya kuɓuta daga makirci. A na biyu aku ya yi gasar labari da wani aku, a na uku ya zauna yana koya wa ɗansa Fasih hikimar magana. Yaron da ya bi littattafan nan uku ya ga ƙarshen mai cin amana da ribar haƙuri, harshensa kuma ya faɗaɗa.

To, ina ƙaryar? Ƙaryar da shari'a ta hana ita ce wadda ake yi don a ruɗi mutum. Ba yaron da ya taɓa zaton aku ya riƙe sarautar waziri da gaske. Malamai ma sun san haka, don kuwa a zaurukansu ana karanta Muƙamatul Hariri, muƙama 50, wadda malamin Basra ya tsara kafin rasuwarsa a shekara ta 516 bayan Hijira. Abu Zaid na cikinta mayaudari ne mai sauya kama daga gari zuwa gari, amma ba wanda ya hana karanta ta, saboda lugga da fasahar da ke ciki. Abin da ya halatta ga babba da Larabci, ta yaya zai haramta ga yaro da Hausa?

Sai dai zuma da zaƙi da harbi. Dabarar da aku ya tsare Musa da ita, ita ce kuma haɗarin irin wannan karatu. Labari mai ci gaba ba ya sakin mai karatu. Inda aka tsaya nan zuciya take rataye. Balle yanzu da littattafan yaƙi na Kano suke fitowa kashi bayan kashi, wasu ma a cikin wayar hannu. Musa ya kwana sauraro ya tsira da ransa. Almajirin da ya kwana karatun hikaya kuwa zai makara sallar asuba, allonsa ya yi kwana uku ba wanki. Ɗan tireda ma mai saye zai tsaya ya gaji ya wuce rumfar gaba.

Saboda haka magani shi ne ƙa'ida. A ba yaro littafin bayan ya biya allonsa, ya kuma rufe lissafin ciniki. Uba ko malami ya fara duba abin da ke ciki. In akwai batsa, ko an ɗaukaka boka da tsafi, a raba shi da shi, a gaya masa dalili. In ya gama kashi ɗaya, a sa shi ya ba da labarin da bakinsa, a tambaye shi wa ya yi daidai, wa ya yi kuskure.

Daga nan a ja shi zuwa jarumin da ba na ƙage ba. A ba shi labarin Kanta, wanda ya ɓalle daga Askiya wajen 1516 ya gina Surame, a kai shi gidan tarihi na Kanta a Argungu ya ga kayan yaƙin kakanninsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ba a karya shi.

Allah ya shiryi zuriya, ya sa albarka a karatu da ciniki, amin. Wassalam.