Gani Ya Kori Ji: Saƙo Ga Matan Jam'iyya

 

Yau faɗa zan yi, a yi haƙuri da ni. Makon jiya wata murya ta zagaya WhatsApp wai ɗan takararmu ya janye. Babu sunan mai magana, babu rana, babu wuri. Kafin la'asar mu da kanmu mun watsa ta a gurup ɗin biki da na Islamiyya. Haba mata! Wasu su ƙirƙiro ƙarya, mu kuma mu yi musu dakonta kyauta?

Haka ma sojojin baka na rediyo. Filin nan da kike saurara da daddare, sayensa ake yi. Wanda ke zagin mutum yau, gobe in an sauya mai biya shi ne zai wanke shi tas. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Shi ya karɓi nasa, ke me kika samu?

A zaɓen 2023 sama da mutum miliyan 93 ne ke da rajista a wurin INEC, kusan rabinsu mata. Amma waɗanda suka fito zaɓen shugaban ƙasa ba su kai kashi 30 cikin 100 ba. Tambayi maƙwabciyarki da ta zauna a gida, wa ya gaya mata "ai an riga an gama"? Ga shi yau cikin sanatoci 109, mata ba su kai biyar ba.

Ke ce mai bin layin awo a asibiti. Ke ce mai biyan 'yan garuwa. Ke kike ganin yaranki zaune a ƙasa a aji. Da wannan za ki auna kowane ɗan takara, har da namu, ba da surutun waya ko ƙullin taliya da sabulu ba. Taliya kwana biyu ce, kujera shekara huɗu.

Don Allah daga yau:

Duk saƙon da ba ki san tushensa ba, kada ki tura. Kira shugabar mata ta mazaɓarki tukuna.

Nemo katin zaɓenki tun yanzu, ki adana.

Shiga gida biyar a layinku, ku yi magana baki da baki.

A tura wa sauran 'yan'uwa. Allah Ya ba mu shugabanni masu tausayin mata da yara, amin.

Daga ofishin Shugabar Mata