Waken Samaru Ba Shi Ne Gubar Ba

A kan hanyar filin jirgin sama ta Abuja, wadda ta bi ta gaban Kuchigoro, nan Hukumar NBMA take, watau hukumar da aka kafa a 2015 don tantance amfanin gonar da masana suka sauya wa ƙwayar halitta, wanda ake kira GMO. Ita ce a 2019 ta amince da waken da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta fitar da sunan SAMPEA 20-T, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Muhammad Ishiyaku. Tun daga lokacin waɗansu suka ɗaura ɗamarar ɓata shi, wai guba ne, wai yana hana haihuwa. Hayaniyar ta yi ta girma, har a watan Mayu na 2024 Majalisar Wakilai ta nemi a dakatar da GMO sai an yi bincike.

Maganar nan kuwa ta shafi 'yan Arewa mazauna Kurmi fiye da kowa, gama su ke sauke buhunan wake a Mil 12 ta Ikko, da Bodija ta Badun, da Anacha. Ran da mai saye ya ɗauka waken Arewa guba ne, to, cinikinsu ya mutu, kuɗin da suke aikawa gida kuma ya yanke.

To, mene ne aka sa a cikin waken? Akwai wata tsutsa mai suna Maruka da ke cin fure da kwanson wake, har takan lalata kashi 80 cikin 100 na amfanin gona. Sai masana suka ɗauko ƙwayar halitta daga wata bakteriya ta cikin ƙasa da ake kira Bt, suka dasa wa waken, ya zama tsutsar in ta ci sai ta mutu. Sinadarin nan a hanjin tsutsa yake kamawa, cikin ɗan Adam kuwa narkewa yake yi kamar sauran abinci. Tun 1996 ake noman masarar Bt a Amurka, a 2016 kuma majalisar manyan masanan kimiyyar ƙasar ta bi diddigi, ba ta sami shaidar cewa ta fi sauran abinci haɗari ba. Manomin da ke yin feshi sau shida zuwa takwas, da wannan iri sau biyu ya ishe shi.

Ina masu kururuwar nan suke sa'ad da Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya a 2015 saboda maganin ƙwari da aka samu a cikinsa? Gubar da ke barazana ga mai cin ƙosai a Kuchigoro da mai cin alale a Agege ita ce Sniper da marasa tsoron Allah ke zuba wa wake a rumbu. An bar jaki ana dukan taiki ke nan.

Amma fa hukuma kada ta yi murna, don tsoron jama'a yana da tushe. Mutanen Kano ba su manta gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a 1996 ba, kuma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Burkina Faso ma ta karɓi audugar Bt a 2008, ta yar da ita a 2016 saboda zarenta ya gajarce. Ashe kowane iri sai an auna shi shi kaɗai, kuma a bainar jama'a.

Saboda haka wajibi ne Hukumar NBMA ta buga sakamakon gwaje-gwajenta da Hausa, ta shiga gidajen rediyo ta amsa tambayoyin talakawa, ta kuma tilasta a rubuta sunan iri a jikin kowane buhu, domin mai saye ya zaɓa da saninsa. Su kuma sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwannin Kurmi, lalle su kori duk mai zuba Sniper a wake, su koya wa 'yan kasuwa ajiya cikin buhun nan mai ruɓi uku da ke kashe ƙwaro ba tare da magani ba. Mutuncin waken Arewa a hannunsu yake, in sun kare shi sun kare abincinsu.