Sharhi: Enrico Caruso, mai muryar da fim ya kasa ɗauka

Opera wani nau'in wasan kwaikwayo ne na Turai wanda ake rera dukkan maganganunsa da waƙa, kuma a cikin muryoyin maza da ake amfani da su, wadda ake kira tena ita ce mai tashi sama, shi ya sa aka fi ba mai ita matsayin jarumin labari. A farkon ƙarni na 20 babu wanda ya kai Enrico Caruso suna a wannan fage. An haife shi a birnin Nafoli na ƙasar Italiya a 1873 cikin gidan talakawa, ya fara naɗar muryarsa a faifan garmaho a Milan a 1902, sannan daga 1903 zuwa 1920 ya zama ginshiƙin gidan opera na Metropolitan da ke New York.

Ganin yadda faya-fayansa suka shiga gidaje, sai kamfanin Famous Players-Lasky na Amurka ya sa shi a fim mai suna My Cousin a 1918, inda ya fito a matsayin mutum biyu, shahararren mawaƙi da kuma ɗan uwansa matalauci mai sassaƙa. Matsalar ita ce fim a wancan zamani bebe ne, hoto kawai ke motsi, ana rubuta maganganu a allo, don haka 'yan kallo suka biya kuɗi suka ga baki yana buɗewa ba su ji abin da ya ɗaukaka mai bakin ba. Fim ɗin bai yi kasuwa ba, kuma laifin na zamani ne fiye da na Caruso, domin ya rasu a 1921 yana da shekara 48, shekara shida kafin The Jazz Singer na 1927 ya buɗe ƙofar fim mai sauti.

Mai sauraro a Maigatari ko Gumel ya saba da akasin wannan, tunda a finafinan Indiya muryar mawaƙi irin Mohammed Rafi ce take fita daga bakin jarumi, haka kuma a finafinan Hausa na Kano mawaƙi irin Nura M. Inuwa yana rerawa a sutudiyo, wani ɗan wasa ya motsa baki a gaban kyamara. Shi Caruso sai a 1951 aka ji waƙoƙin da ya yi suna da su a fim ɗin tarihin rayuwarsa, The Great Caruso, kuma muryar da aka ji ta mawaƙi Mario Lanza ce.